Waɗanda suka bi kadin ƙuri'a bayan zaɓen 2023 a Kaduna, ku ba mu labari

Mai buɗe zance, Kawo:
Assalamu alaikum. Duk zaɓen da aka yi sai ka ji ana cewa an yi maguɗi, amma da wuya ka samu wanda zai ce ga abin da ya yi a kai, ga kuma inda maganar ta tsaya. A zaɓen gwamna na 18 ga Maris 2023, Uba Sani ya samu ƙuri'a 730,002, Isa Ashiru ya samu 719,196. Tazarar 10,806 ke nan a jihar da ke da ƙananan hukumomi 23, wato 'yan rumfuna kaɗan ma sun isa su juya lissafi. To wanda ya tsaya ejan, ko ya yi aikin zaɓe, ko aka kai shi kotu shaida, ya taimaka ya faɗa mana abin da ya gani. Don Allah ban da kama suna, ban da tallar jam'iyya, ban da "an ce".

Ejan daga Rigasa:
Wa alaikumus salam, Yaya. Ni a bakin akwati na tsaya, a wata firamare. Ba a gama ƙirge ba sai bayan isha'i, da fitilar waya aka ƙarasa. Malamar zaɓe ta cike takardar sakamako, wadda suke kira EC8A, ta karanta a fili, muka sa hannu, aka ba kowane ejan kwafinsa. Nawa na can ƙasa ne, rubutun bai fito sosai ba, sai na roƙe ta ta bari na ɗauki hoton ta saman kafin ta sa a ambulan. Ta bari. Na kuma ɗauki hoton fuskar BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, inda take nuna yawan waɗanda aka tantance.

Ejan biyu tun magariba suka watse, wai ai an riga an ga inda aka dosa. Ni kuwa na hau acaɓa na bi akwati har cibiyar tattara sakamako ta gunduma. Can cikin dare da aka zo kan rumfarmu, sai na ji an karanto abin da ba shi muka rubuta ba. An ɗora wata lamba a gaban ƙuri'un wata jam'iyya, abin da yake gomiya ya koma ɗaruruwa. Wanda ya yi aikin ya manta akwai gefen da ake rubuta adadin da kalmomi, wannan bai taɓa shi ba. Na ɗaga hannu. Aka fara hayaniya, wani ya ce in zauna ko a fitar da ni. Ban zagi kowa ba, na dai miƙa kwafina da wayata, na ce a buɗe BVAS a duba hoton da ta ɗauka. Jami'in tattarawa ya duba, ya soke, ya rubuta na asali, ya sa hannu a gefe. Da ta haye zuwa takardar gunduma a haka, ta tafi ƙaramar hukuma, ban san ranar da za a ciro ta ba.

Malama daga Zariya:
Ɗan'uwa ka kyauta, amma bari in faɗi na ɓangarenmu, don na yi aikin wucin gadi a zaɓukan biyu, na shugaban ƙasa da na gwamna. Ba kowane gyara da kuka gani a takarda ba ne sata. Mutum ya kwana a ƙasa a cibiyar raba kaya, ya wuni a rana bai ci abinci ba, ga ƙarancin takardun naira na lokacin, ko ruwan leda sai da dabara. Sai dare ya yi a ce ya haɗa lissafi: ƙuri'un da aka ba shi, waɗanda aka yi amfani da su, lalatattu, waɗanda aka ƙi karɓa, da waɗanda suka saura, mutane sun kewaye shi suna ihu. Yarinyar da ke shugabantar rumfarmu, 'yar bautar ƙasa ce ba ta jin Hausa, hannunta har rawa yake yi.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne aringizo. A dokar zaɓe ta 2022, idan ƙuri'un da aka kaɗa suka fi yawan waɗanda na'ura ta tantance, an soke rumfar baki ɗaya. A da da yawan masu rajista ake gwadawa, shi ya sa ake samun sararin cusa ƙuri'a. Mun samu dattijon da na'ura ta ƙi yatsansa ta ƙi fuskarsa, jama'a suka taso mana wai a bar shi ya dangwala, ai kowa ya san shi. Muka ƙi. An zage mu sosai, alhali da mun bari, ƙuri'un masu zagin ne za su tafi a banza. Sai kuma hatimi da sa hannu a bayan kowace ƙuri'a. Kun dai ga Kano, inda kotun zaɓe ta zaftare ƙuri'a 165,663 a kan wannan, sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar wa Abba Kabir Yusuf da su.

Shaida daga Tudun Wada:
Ni kotu na je, a shari'ar ɗan majalisa. Ejan gunduma ne ni, ranar zaɓe ina yawo daga wannan rumfa zuwa waccan, yaranmu suna ta kirana suna faɗa mini abin da ke faruwa. Lauyoyinmu suka rubuta bayanina, na yi rantsuwa a kai, na shiga akwatin shaida ina ganin yau za a ji gaskiya. Lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe cikin ladabi, ya ce, "Malam, a wace rumfa ka tsaya daga farko har ƙarshe?" Na ce ina zagayawa. Ya ɗauko takardar wata rumfa, ya ce sa hannuna ne wannan? Na ce a'a. Ya ce lokacin da aka cike ta ina wurin? Na ce an dai kira ni an faɗa mini. Ya ce shi ke nan, ya gode, ya zauna. A hukunci aka ce duk bayanina ji-ta-ji-ta ne. Yaran da suka tsaya a rumfunan kuwa, wani ya koma makaranta, wani ya ce sai an biya shi kuɗin aikin ranar zaɓe da aka riƙe masa, wani mahaifiyarsa ta ce kada ya kuskura.

Barista, Unguwar Rimi:
Malam, abin da ya same ka shi ke kashe yawancin ƙararraki. Na yi aiki a ƙarƙashin wani babban lauya a wancan zagayen. Tsarin mulki ya ba mai ƙara kwana 21 daga ranar da aka bayyana sakamako, kotun zaɓe kuma kwana 180 ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kwana 60. Ba a ƙara ko yini ɗaya. A cikin kwana 21 ɗin nan za ka nemo kwafin takardu masu hatimin tabbatarwa, ka tara shaidu, ka rubuta bayanin kowannensu, ka haɗa da takardar ƙara tun ranar shigarwa. Namu ya faɗo cikin azumi, a ofis muke buɗa baki mu yi sahur. Kwafin ejan da muka tattaro, wasu a aljihu suka jiƙe, wasu ba sa hannu, wasu rumfunan babu ma wanda ya karɓo.

Aringizo kuma ba a tabbatar da shi da baki. A shari'ar Osun tsakanin Oyetola da Adeleke, Kotun Ƙoli ta ce sai an kawo rajistar masu zaɓe, da BVAS ɗin rumfar ko bayananta, da EC8A. A shari'ar shugaban ƙasa kuma, a Oktoban 2023, ta ce IReV, shafin intanet na hukumar zaɓe da ake ɗora hotunan takardun sakamako, wurin kallon sakamako ne, ba wurin tattarawa ba. Masu tara hotunan intanet su kula da wannan.

Tamu ta gwamnan Kaduna ma, wadda Isa Ashiru ya shigar, ai kun tuna. A Satumban 2023 aka karanta hukuncin ta Zoom, kowane ɓangare ya fito yana murna, har gari ya ruɗe. Abin da ya faru shi ne alƙalai biyu cikin uku sun kori ƙarar saboda ba a nemi zaman share fage a lokacin da doka ta tsara ba, sannan suka ce da ba don haka ba, da sun ba da umarnin a sake zaɓe a wasu rumfuna. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da Uba Sani.

Wani matashi, Sabon Tasha:
To Barista, in ƙa'idar shigar da takarda za ta iya rinjayar ƙuri'ar mutane, mu da muka sha rana a layi me ya rage mana? Wallahi ni na sare.

Baba, Kafanchan:
Yaro, ɓacin ranka yana kan hanya. Amma ni ina nan a Afrilun 2011, lokacin da aka kai ƙorafin zaɓe kan titi. Mun binne mutane, kasuwa ta ƙone, kuma ko ƙuri'a ɗaya ba ta sauya ba. Gara a yi ta jan lauyoyi.

Hajiya, Badarawa:
Ni tambaya ce da ni, Barista. A layinmu na mata a fili aka yi ta raba taliya da atamfa, wasu kuma ana karɓar lambar asusunsu tunda babu tsabar kuɗi. 'Yata ta ɗauki bidiyo daga nesa. Muka kai wa mutanen ɗan takararmu, suka yi godiya, shiru har yau. Wannan ba hujja ba ce?

Barista:
Hajiya, laifi ne a doka, kuma ana iya gurfanar da mai rabon. Sai dai kafin a soke zaɓe a kansa, dole a nuna cewa ɗan takarar ne ya aiko ko da yardarsa aka yi, kuma tunda zargin aikata laifi ne, hujjar da ake nema irin ta shari'ar laifi ce, wadda ba ta bar kokwanto ba. Bidiyon ma sai 'yar taki ta zo da kanta da wayar da ta ɗauka, ta faɗi rana da wuri, ta amsa tambayoyi. Akwai wadda ta karɓi atamfar da za ta yarda ta tsaya gaban alƙali ta ce ta karɓa?

Hajiya:
Haba Barista. Ai da ita suka yi ɗinkin Sallah.