Rigimar "gam" a guruf ɗin ɗaliban Bayoloji na Kebbi

Ɗan Argungu: Jama'a ku yi min alƙalanci. An tambaye mu mi ka riƙe ƙwayoyin halittar ɗan tayin kwaɗo ba su watse ba, na rubuta wani gam ne mai suna kadherin kuma sai da kalshiyam shika aiki, in anka cire kalshiyam duk su rabu. Malamin ga ya ba ni 2 cikin 10. Wallahi zalunci ne

Na Yauri: gam? Super Glue ke nan? furotin ne malam, a jikin fatar ƙwayar yake yana kama ɗan'uwansa na ƙwayar da ke kusa

Ɗan Argungu: to mi gam ka yi in ba kamawa ba

Anti Jega: Ƙanena gam ba ya zaɓe, duk abin da ya samu liƙewa yake. A 1955 masana kimiyya Townes da Holtfreter sun wargaza ƙwayoyin ɗan tayi sunka cakuɗa su, da kansu sunka sake haɗuwa, na fata sunka fito waje sauran sunka shige ciki. Wane gam ka yin haka?

Bagudo 1: Wai wane kwaɗo ma tukuna? Xenopus ɗin da ake gwaji da shi a ruwa yake rayuwa, har farce gare shi, ya fi kama da burduddugi

Na Yauri: kai dai ka ce yunwa kake ji

Bagudo 1: mutanen Yauri ne za su yi mana gorin cin abin ruwa? 😂

Ɗan Argungu: maganar ruwa ku bar ma masu kogin Matan Fada don Allah

Anti Jega: Takeichi ɗan Japan da ya raɗa sunan kadherin ma daga kalshiyam da mannewa ya haɗo shi, kuma iri-iri ne, akwai E akwai N, na ɗan tayin kwaɗo tun farko C

Ɗan Argungu: mannewa! kun ji da bakinta, Anti ta ce mannewa

Anti Jega: ban ce gam ba

Admin: To ya isa haka. Abin da munka fahimta, amsar Ɗan Argungu daidai take, har Anti ta yarda, malami ne bai jin Hausar Kabi. Na Yauri da Bagudo ku koma inbox. Ni ma ɗan Argungu ne amma ba shi ya sa ba.

Na Yauri: da Turanci fa ya rubuta jarabawar