Sallar farko bayan rasuwa: me ke rage wa gidan mamaci nauyi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Layya ta matso, gidaje da dama a nan Maradi kuma wannan ce Sallarsu ta farko babu mai gida, ko babu uwar gida. Ku da kuka saba shiga irin gidajen nan, me ke taimako, me ke ɓata lamari?

Malamin unguwa: Wa alaikumus salam. Makoki kwana 3 ne, sai matar mamaci mai takabar wata 4 da kwana 10, mai ciki kuwa har ta haihu. Sallah ba ta ɗage takaba: ba lalle, ba kwalli, ba turare. Amma wanka, cin nama da amsa gaisuwa duk halal ne, kada a ƙara mata ƙuncin da shari'a ba ta ɗora ba. Hawaye ma ba laifi, kururuwa da yage tufafi aka hana. Sai rago: kada a taɓa dukiyar gado a saya kafin a biya bashi a raba, don kason marayu ne ake ci da sunan fita kunya.

Dattijuwa mai zaman makoki: Allah Ya saka, Malam. Ranar tana da lokuta masu zafi: safiya in maza sun fita idi, lokacin yanka, sai yamma in an jera raguna a banƙare bakin wuta ƙofa-ƙofa, ƙofarsu kuwa ko hayaƙi babu. Mata biyu cikin dangi su kwana gidan tun jajibere, namiji guda ya ɗauki yara zuwa idi tare da nasa. A ambaci sunan wanda zai yi, in aka bar wa "dangi" ba mai zuwa. Washegari in an fara rabon nama, kowa ya aiko lokaci guda, matar mamacin ba ƙarfin tsayawa bakin murhu, zafi ya lalata shi, ta koma jin ta yi asarar sadakar mutane. Ku kai soyayye, ko ku haɗa da mai, itace da mai suya.

Tela: Gaskiyarki, Inna. Yadin marayu ya iso kamar sati 3 kafin Sallah, satin ƙarshe sai dai alkawari. A yanka musu irin na ƴaƴan gida, yaro yana gane bambanci tun daga nesa. Kuɗin takalmi a miƙa wa uwar a keɓe.

Ma'aikaciyar jinya: Masu hawan jini da ciwon suga ne suka fi ba mu tsoro. Baƙin ciki kan sa su bar shan magani, ga nama mai kitse da gishiri. Mutum guda ya riƙe maganin, ya riƙa miƙawa kan lokaci. Rashin barci da ƙin abinci a ranakun Sallah ba baƙon abu ba ne, kada a sayo ƙwayar barci wurin masu talla. Amma in wanda aka yi wa rasuwar ya daina ci da sha ɗungum, ko yana zancen kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi likita ranar. Haka in an haura wata 6 bai iya komawa sana'arsa ba.

Dattijuwa mai zaman makoki: Ƴata, ki ƙara da magidancin da matarsa ta rasu. Shi ake mantawa, wai namiji ne. A kai masa akushi, abokansa su shimfiɗa tabarma ƙofarsa. Mai gaisuwa kuma, "ya haƙuri, Allah Ya jiƙanta" ya isa. Ban da "har yanzu?".

Malamin unguwa: Haka ne, Hajiya. In sun kawo hirar mamaci a bar su su yi, kada a kautar da zance. A kuma raba zuwan: wasu ranar Sallah, wasu bayan kwana 3, lokacin da baƙin ƙauye sun koma.