Sanƙarau a kai yake, me ya sa ake ɗibar ruwan gwaji ta gadon baya?

Ɗalibar Jinya:
Assalamu alaikum malamaina. Sanƙarau kumburin rigunan ƙwaƙwalwa ne, amma allurar ɗibar ruwa can ƙasa kusa da ƙugu ake soka ta. Ina haɗin?

Malamin Anatomi:
Wa'alaikumus salam. Ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da na gadon baya ɗaya ne, 'yar'uwa. A cikin ƙwaƙwalwa akwai ɗakuna huɗu, a nan ake samar da shi. Daga manyan biyu na dama da hagu yake gangarowa ɗaki na uku, ya bi wata siririyar magudana zuwa na huɗu, sannan ya fita ta ƙofofi uku. Inda yake fita shi ne ratar da ke tsakanin riga ta biyu da ta ukun da ke manne da ƙwaƙwalwa. Wannan ratar ba a kai ta tsaya ba, ta bi laka har ƙasa. Don haka mugunyar da ke sama za a same ta a baya.

Ita lakar babban mutum tana ƙarewa wajen L1 zuwa L2 (L1 zuwa L5 su ne ƙasusuwan ƙasan gadon baya, ana ƙirgawa daga sama), alhali jakar ruwan ta kai S2 (gaɓa ta biyu ta ƙashin da ke ƙasa da L5). Tsakaninsu sai zaren jijiyoyi suna lilo, suna kauce wa allura. Shi ya sa ake shiga tsakanin L3 da L4, ko L4 da L5. Ki laluba saman ƙashin ƙugu dama da hagu, layin da ya haɗa su kusan kan L4 yake ratsawa.

Likitar Yara:
Ƙari kan bayanin Malam: lakar jariri takan sauko har L3, to a yi ƙasa da allurar. Babba na da ruwa kusan mililita 150, amma jiki na samar da kusan 500 a rana, jini na kwashe shi ta wasu 'yan tsiro a saman kai. Mugunya ta toshe su, ko ta toshe magudanar nan, sai ruwa ya taru: kai ya yi girma, maɗiga ta kumbura, idanu su karkata ƙasa. Yaron da ya tashi daga sanƙarau, a riƙa auna kewayen kansa.

Ɗalibar Jinya:
Na gode, Dakta. Yaushe ne ba a ɗiba?

Likitar Yara:
Idan akwai alamar matsi a kai: suma mai nauyi, ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, ko ɓari guda ya shanye. Aka rage ruwa ta ƙasa, ƙwaƙwalwa na iya zamewa cikin ramin gindin ƙoƙon kai ta danne cibiyar numfashi. A fara maganin ƙwayoyin cuta nan take, ɗibar ruwa ta jira.