Shawarwari kan taken "muna kan hanya"

A wata tattaunawa tsakanin Hausawan garuruwan Mai Wurno da Wad Madani na ƙasar Sudan, an tsaya a kan maganar da kakanni suka rayu da ita, wato "muna kan hanya, Makka muka nufa". Waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, zuwa Sudan bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903, da masu noman auduga a yankin Jazira, inda Wad Madani yake, sun riƙe ta da gaske, har wasu suka ƙi gina gidan bulo don kada a ce sun sauke niyya. Jikokinsu kuwa a nan aka binne cibiyarsu, kuma da yawa sun ce maganar ta daina motsa su.

Shawarar da ta rinjaya ita ce mutum ya je wurin malami ya rarrabe masa abin da addini ya wajabta da abin da yanayi ya haifar, domin Hajji wajibi ne a kan mai iko, amma ƙin mallakar fili ba ibada ba ne. Wani dattijo ya roƙi matasa kada su yi wa taken ba'a a gaban iyaye, tunda shi ya riƙe mutane lokacin da ake kiransu baƙi, kuma a ganina ya yi gaskiya. An ja kunnen masu gaggawar ɗauko sabon take daga Facebook. Batun koya wa yara tsohuwar maganar ne ba a daidaita a kai ba, sai dai iyaye mata sun fi son a ba su ita a matsayin tarihi.