Farautar bana: wa ya ga barewa da idonsa?

Ɗan Sarkin Baka, Ningi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa maharba. Ruwa ya fara sauka a wajenmu, mun rataye bindiga kowa ya koma sharar gona, shi ne na ce bari mu yi lissafin rani kafin a manta. Mu dai daga kaka zuwa yanzu fita tara muka yi, mu goma sha huɗu da karnuka. Abin da muka ɗauko gaba ɗaya gada uku ne da mazo ɗaya, sauran duk zomo da gafiya da damo. Barewa kuwa ko kashinta ban taka ba, shekara ta shida ke nan.

Abin da ya sa ya tsaya mini a rai, kan burtun mahaifina yana nan rataye a zaure. Ina yaro na sha ganin ya ɗaura shi a goshi, ya yafa baƙar riga, ya durƙusa yana rarrafe yana saran ƙasa da bakin kamar tsuntsun na kiwo, har sai ya shiga tsakiyar barewa ba su ɗago ba. Shekaranjiya ƙaramin ɗana ya nuna shi ya ce, Baba wannan na tashe ne? Don Allah kowa ya faɗi abin da ya samu bana, amma ban da cika bakin maharba.

Mai Karnuka, Doguwa:
Wa alaikumus salam Yaya. Mu da ke gefen Falgore ma ba mu fi ku ba. Gada biyar, kuma huɗu da dare aka same su. In ana so a ji gaskiya, fitilar goshi ce ta gama da gada, kuma ina cikin masu laifin. Ka haska mata ido sai ta tsaya ƙiƙam, idon na ƙyalli kamar garwashi biyu, ba ka san mace ce ko namiji ba sai ta faɗi. Wata da na harba cikin bazara, da muka farke cikinta ɗa ne a ciki, har ya yi gashi, kofatonsa fari sol mai taushi. Wallahi ban iya cin naman ba, maƙwabta na rabar wa. Tun ranar batirin fitilar yana cikin rediyo.

Dattijon Gumel:
Yaro, ka yi nadama, Allah ya karɓa, amma kada ku ɗora wa maharbi kayan da ba nasa kaɗai ba. Kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna harbi barewa ba ta ƙare ba. Ina barewa za ta kwanta yanzu? Inda muke farauta ina saurayi, yau gero ne da riɗi har iyakar ganinka. Bayan farin 1973 da na 1984 daji bai sake komawa yadda yake ba, abin da ya rage masu gawayi suka bi shi da gatari. Ƙirya, marke, kanya, duk sun tafi a buhu. Sannan ƙunar daji kowace shekara don a kori gafiya ɗaya. Barewa ɗa ɗaya take haifa, ba akuya ba ce. In ta rasa ciyawar da za ta ɓoye shi, ko ba ka harbe ta ba dila ya gama aikin.

Abu ɗaya na yarda mun yi sakaci da shi. A da Sarkin Baka in ya ce an rufe daji, an rufe. Ba mai shiga da damina, ba mai taɓa mai ciki ko mai goyo. Yanzu yaro ya sayi bindigar toka ya hau babur, wa zai tambaya?

Mai Karnuka, Doguwa:
Gaskiyarka Baba. Babur ɗin ma wani abu ne. Tafiyar da ake kwana biyu a ƙafa, yanzu kafin la'asar ka je ka dawo.

'Yar Maharbi, Zariya:
Ku gafarce ni na shigo zancen maza. Ni ban taɓa riƙe baka ba, amma ni ke babbaka da bandar nama a gidanmu tun ina 'yar shekara goma. Ragar da muke shanya nama a kai, da sai an yi juyi biyu uku kafin a gama. Bana mijina ya dawo da zomo biyu da bushiya, na sa su a murfin tukunya suka ishe shi. Fatar barewar da surukina ke salla a kai ta zube gashi duk ta yi sanƙo, an rasa wadda za a canza masa. Ya ce a bar masa abarsa.

Na Batsari:
Mu lissafinmu babu, don ba mu fita ba. Dajin Rugu ya fi ƙarfin mai bindigar toka, kowa ya san masu shi yanzu. Maharbanmu da yawa sun koma sintiri. Abin mamaki, da na raka wani ƙanena duba gonarsa da ya bari shekara uku ba a noma ba, sai ga sawun gada rututu a bakin ƙorama, har da na 'ya'ya. Na tsaya ina kallo, na rasa murna zan yi ko kuka.

Na Dakwaro, Nijar:
Sannunku da hira. In barewa kuke son gani ku taho Gadabeji, nan arewa da mu cikin jihar Maraɗi. Gandun tun 1955 aka kafa shi, kuma har yanzu da sassafe kana ganin barewar sahara tsakanin tuddan rairayi, ƙanana, jajaye-jajaye. A 2018 ma an kawo raƙuman dawa daga Kure, can wajen Yamai, aka sake su ciki. Amma kallo kawai, jami'an gandun daji ba su wasa.

Mu nan ba mai kare da gora ya cinye namun dawa ba. Mota ce. Ina yaro na ga an bi garken barewa da mota a fili har suka gaji suka zube, aka loda su kamar itace. Wanda ya yi haka rana ɗaya ya yi ɓarnar da ƙauye guda ba su yi a shekara. Don haka aka keɓe yankin Tarmit da Tin Tumma ya zama gandun daji a 2012, ko a ceci abin da ya saura can gabas.

Ɗan Zango, Gana:
Mu a nan doka ta rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara, lokacin da namun ke ciki da goyo. Gyazbi kaɗai aka bari, shi ma da lasisi. Ko ana bi? Ku je bakin titin Kumasi ku gani. Na taɓa zuwa Winneba bikin Aboakyer da ake yi farkon watan Mayu, inda ƙungiyoyi biyu ke shiga daji ba bindiga, su kamo mazo da rai da hannu. Turawa na kiransa bikin farautar barewa, amma na gan shi a kafaɗar samari, mazo ne sak, da zanen farin nan a jiki. Akwai shekarun da aka shiga aka fito hannu rabbana, gari ya yi tsit.

Ɗalibi a Wiskonsin, Amurka:
Iyayena ku ba ni dama in sa baki. Wani abokin karatuna ya tafi da ni farautarsu a watan Nuwamba. Babbar farautar masu bindiga kwana tara ce, ana farawa ranar Asabar ɗin kafin bikin godiyarsu. Kowa da lasisi, kowa da riga ruwan lemo mai ɗaukar ido don kada a harbe shi. Tasu ba irin barewarmu ba ce, ƙahon namijin rassa gare shi, kuma yana zubar da shi duk shekara. Mun zauna kan wani dandamali a bishiya tun asuba, sanyi kamar zai tsinke mini yatsu, ba mu ga komai ba sai kurege.

Abin da ya ɗaure mini kai, duk wanda ya kashe sai ya yi rajistarta ta waya ko intanet kafin biyar na yammacin washegari. Shi ya sa ana rufewa da 'yan kwanaki hukuma ke fitar da adadi gunduma-gunduma. Na 2023 ya faɗi ƙasa da na 2022, musamman a arewacin jihar, sai gardama ta tashi kamar tamu: wasu su ce kyarkeci ne, wasu su ce tsananin hunturu, ga kuma wata cuta mai cin ƙwaƙwalwar dabbar da aka gano a jihar tun 2002. Bambancin kawai su suna gardama da lissafi a hannu, kuma inda aka ga raguwa sai a rage izinin harbin mata. Kuɗin kula da dajin ma daga aljihun maharba yake fitowa, tun 1937 akwai haraji a kan bindiga da harsashi don haka.

Dattijon Gumel:
To ai abin da Sarkin Baka ke yi ke nan, jikana, sai dai shi ba waya. Duk abin da aka kashe gabansa ake kaiwa, a cire masa cinya. Ya san abin da ya fita daga daji.

Na Bunkure:
Ni ban so yin magana ba. Kuna tambaya ina barewa, ni tambayata ina maharban. Da akwai nama a dajinmu me zai kai mutum Fatakwal da karnuka? Rashinsa ne ke tura mutanenmu kudu wata da watanni. Mutum 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, hanyar gida suka kamo don su yi salla da iyalansu, akasarinsu 'yan yankinmu ne. Bana ban je ko'ina ba. Karnukana biyu na bayar, ɗayan ya dawo da kansa sau uku.

Ɗan Sarkin Baka, Ningi:
Allah ya jiƙansu, ya ba ku haƙuri ɗan'uwa. Amin.

Na karanta wa mahaifina duk abin da kuka rubuta, ya yi shiru, sannan ya ce a tambayi na Batsari sawun 'ya'yan nawa ya ƙirga. Malam na Dakwaro, ni kuma tawa tambayar: daga Maraɗi zuwa Gadabeji akwai motar haya ko sai an yi shata, kuma wane wata ya fi? In Allah ya kai mu kaka ina so in zo da yaron nan.