Adaftar Wi-Fi ta USB ta ƙi aiki a Windows 7, wane direba ake saka mata?

Ɗan Gusau:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwamfutar tebur ce a shagon buga takardu, Windows 7 mai bit 64, ba ta da Wi-Fi a ciki. An sayo mata 'yar adaftar USB irin marasa sunan nan, 802.11n 150Mbps kawai aka rubuta a kwalin. In an soka ta kwamfutar tana yin ƙara, amma alamar Wi-Fi ba ta fitowa. Akwai ɗan faifai a kwalin, sai dai kwamfutar ba ta da gidan faifai. Don Allah wane direba zan nema?

Mai Gyara Ƙaura:
Wa alaikumus salam. Malam, bar batun kwali, 802.11n nau'in Wi-Fi ne, ba sunan adafta ba. Direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da na'urar, cif ɗin da ke cikin adaftar yake bi, kuma adafta biyu masu kama ɗaya kan zo da cif daban.

Soka ta, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta devmgmt.msc ka danna Enter, Device Manager zai buɗe. A ƙarƙashin Other devices za ka gan ta da alamar rawaya. Danna mata dama, ka shiga Properties, sai Details, ka zaɓi Hardware Ids. Lambar da ke bayan VID ta kamfani ce, ta bayan PID ta samfurin. 0BDA Realtek ke nan, 148F Ralink wanda MediaTek ta saye a 2011, 2357 kuma TP-Link. Turo mana su.

Ka leƙa Computer tukuna. Wasu adaftocin suna fara bayyana kamar faifai, direban na ciki. In ka ga haka, ko ka ga 0BDA da 1A2B, buɗe shi ka kunna Setup, da kanta za ta koma adafta.

Ɗan Gusau:
Na gode Malam. Ga shi: USB\VID_0BDA&PID_8179, kuma ta rubuta Code 28.

Injiniya B/Kebbi:
To, abin ya zo da sauƙi. Code 28 na nufin babu direba ne kawai, adaftar lafiyarta lau. Cif ɗinka Realtek RTL8188EUS ne, irin wanda ke cikin TL-WN725N siga ta 2.

Hanya mafi kusa, kai faifan nan wurin mai kwamfutar da ke karanta faifai, a kwashe maka komai a filas. In babu, haɗa wayarka da kebul ka kunna USB tethering, kwamfutar ta samu intanet, ka sauke direban RTL8188EU na Windows 7 daga shafin kamfanin da ya yi cif ɗin. Ina roƙonka ka guji manhajojin da ke cewa za su sabunta maka duk direbobi da danna ɗaya. Tarkacen talla suke cika kwamfuta da shi, wani lokacin su ɗora direban da ba nata ba.

Ka warware fayil ɗin daga zip tukuna, don Windows ba ta neman direba a cikinsa. Koma Device Manager, danna dama, Update Driver Software, sai Browse my computer, ka nuna mata foldar Win7 mai X64. Ta X86 ta masu bit 32 ce, ba za ta hau ba.

In Code 52 ya fito, Windows ɗin ce ta kasa gane sa hannun direban. Sababbin direbobi da tsarin tantancewa mai suna SHA-2 ake sa musu hannu, tsohuwar Windows 7 kuwa ba ta san shi ba. Tabbatar tana da Service Pack 1, ka saka sabuntawar Windows mai lamba KB4474419, ka kashe ka kunna. In Code 10 ne, yawanci direban bai dace ba: yi Uninstall, ka sa alama a Delete the driver software, ka zare adaftar, sannan ka sake.

Hajiya Mai Kafe, Argungu:
Ƙanena, bari in ƙara abin da ke biyo baya, don nan mutane ke zaton an sayar musu da jabu. Adaftar nan 2.4GHz kaɗai take gani. In hotsfot ɗin wayarka yana kan 5GHz, ko kusa da ita ka aje wayar ba za ta gan shi ba. Shiga saitin hotsfot ka mayar da shi 2.4GHz, tsaron kuma ka sa WPA2, don Windows 7 ba ta jin WPA3.

In direba ya hau amma babu jerin Wi-Fi ko ɗaya, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta services.msc, ka nemo WLAN AutoConfig, ka sa shi Automatic ka tada shi.

In kuma tana yankewa, duba Power Management a Properties ɗin adaftar cikin Device Manager, ka cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe ta. Eriyarta ba ta kai farce ba, in ka soka ta a bayan akwatin ƙarfe da ke jingine da bango sigina zai raunana. Kebul ɗin ƙari na mita ɗaya ya isa ka ɗago ta saman tebur. Baƙin ramin USB ya fi mata shuɗi, domin shuɗin na USB 3.0 ne, shi kuwa yana yi wa 2.4GHz katsalandan.

Tun 14 ga Janairun 2020 Microsoft ta daina ba Windows 7 kariya. Tunda shago ne, kar a riƙa shiga asusun banki ko saka bayanan masu rajista a kanta.