Yadda za a yarda da bayanan ramin bincike

Daga tattaunawar masu binciken gurɓatar ƙasa, abin da aka fi nanatawa shi ne kada a dogara da tarkacen da ruwan laka ke fitowa da shi lokacin haƙa ramin bincike, wato ramin da ake haƙawa don gano irin ƙasar da ke ƙarƙashi. Kafin ya iso sama ya cakuɗe, kuma yashin da aka rubuta a mita 20 wataƙila daga mita 17 ya zubo. Siririn yumɓu mai kaurin tafin hannu sai ya narke a lakar, alhali shi ne ke hana mai ko gubar masana'anta wucewa ƙasa. Don haka a ciro ƙasar a dunƙule cikin bututu, mai ilimin duwatsu ya murza ta da yatsa, ya rubuta launi da wari nan take, ba sai an koma ofis ba.

Na'urar gamma, wadda ake zurawa cikin rami don gano yumɓu ta hanyar auna hasken radiyeshan da ƙasa ke fitarwa, ta samu yabo, domin tana aiki ko an sa wa ramin bututu. Sai dai a yankin duwatsu irin na Kano, dutsen giranit ma yana ɗaga awon kamar yumɓu. Awon lantarki kuwa, wato auna yadda ƙasa ke barin lantarki ya ratsa ta, sai a buɗaɗɗen rami mai ruwa wanda ba a sa wa bututu ba.

A ganina gargaɗin da ya fi nauyi shi ne ramin kansa na iya zama hanyar guba. A Ogale ta ƙasar Ogoni, rahoton UNEP, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2011 ya tarar da mai yana iyo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. A wuri irin wannan, in an huda yumɓu, a toshe gefen bututun da bentonait, wani irin yumɓu mai kumbura in ya sha ruwa.